Katin da Ya Cika da Farashi

Akwai wani mutum, ma'aikacin gidan waya, wanda ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama. A kwanakin ne kyamarori marasa fim suka fara cika gari. Ya lura kowace kyamara tana buƙatar wani ɗan kati da ake kira memori, inda hotuna ke taruwa. Sai ya ce a ransa, “Muddin mutane suna ɗaukar hoto, masu ƙera katin nan ba za su yi asara ba.” Ya kwashi kuɗin ya sayi hannun jari a kamfaninsu, da ɗan abin da ya rage kuma ya sayi kyamara ɗaya.

Tun daga ranar hankalinsa bai ƙara kwanciya ba. Kowace safiya yakan je wurin mai jarida, da yake ba ya son kashe ko kwabo, sai ya buɗe shafin farashin hannun jari ya ɗauki hotonsa, ya koma gida yana ta dubawa. In farashi ya hau, ya shiga tsoron faɗuwa. In ya faɗi, ko tuwo ba ya iya haɗiya. Matarsa ta ce, “Maigida, jarin nan kai ka saye shi, ko shi ya saye ka?” 

Ana nan, aka haifa masa jika na fari. Ranar da za a miƙa jaririn ga Ubangiji a majami'a, aka ɗauko tsohon mahaifin mutumin daga ƙauye, ga shi ba lafiya. Tsohon ya karɓi jaririn, ya ce, “Ɗana, yi maza ka ɗauke mu hoto, ba ni da ƙarfi.” Mutumin ya danna, kyamara ta ƙi. Kati ya cika. Ya shiga goge wannan hoton farashi, yana jin tausayin goge wancan. Kafin ya sami wuri an karɓe jaririn, an riƙe tsohon zuwa mota. Bayan kwana tara tsohon ya rasu.

Ma'anar wannan misali ita ce: katin nan zuciyarka ce. Sayen jari ba zunubi ba ne, 'yan'uwa, amma damuwar da kake ɗauka kowace safiya tana cin wuri. Ubangiji yakan zo da alherinsa ba tare da ya aiko da sanarwa ba. Ka goge tun yau, ka miƙa masa damuwarka cikin addu'a. Mutumin nan yana da hotunan farashi ɗari biyu, amma ba shi da ko ɗaya na fuskar mahaifinsa.