Rundunar Dubu Goma da Bakwai

"Maguɗi ne, ranka ya daɗe, bil'adaman nan bai cika sharaɗi ba," in ji Boka Zarƙanu, yana buga sanda a fadar Shamhuru, Sarkin Aljanu.

Ukashatu ɗan Sarkin Badaru ko kallonsa bai yi ba. Wata bakwai ke nan da barinsa fadar mahaifinsa, ya keta hamadar da rairayinta ke tafasa, ya ratsa birnin matsafa masu kiwon kunamu kamar awaki, ya haye kogin narkakkiyar dalma, duk saboda Gimbiya Rumasa'u, 'yar Shamhuru. Sharaɗin aurenta shi ne a jera rundunar ubanta, aljani dubu goma da bakwai, sahu-sahu daidai wa daida, babu ragowa, kuma ban da sahu guda ko a tsaya ɗaiɗai. Wanda ya kasa cikin kwana uku a mai da shi dutse. Jarumai arba'in da suka kasa na nan a ƙofar gari, tsuntsaye na hutawa a kansu.

Bokan ne ya zaɓi adadin, don ya san ba ya rabuwa: a raba biyu saura ɗaya, a raba uku saura biyu, a raba bakwai saura huɗu, haka dai har ka gaji. Kuyangin gidan kuwa sun ce shi ma son yarinyar yake yi, tsoho da shi, haƙoransa uku.

Ukashatu ya ce, "Ya Sarki mai girma, ga su can a fili, sahu saba'in da biyu, kowanne ɗari da talatin da tara. A ƙirga."

"Ai da kai a ciki," in ji boka. "Kai ka cike sahun ƙarshe."

"Da ni a ciki. Ranka ya daɗe, mece ce al'adarku ga wanda ya ci tuwo a akushin dakaru?"

Sarki ya shafa gemu. "Ya zama ɗan runduna har mutuwa, haka kakanninmu suka bari. Wa ya ba ka ka ci?"

"Boka ne. Ya ce ba za a ɓata kwanon baƙi a kan wanda jibi zai zama dutse ba, in je in ci da dakaru."

Sai aka jiyo dariyar Rumasa'u daga bayan labule, irin dariyar da ba ta dace da 'yar sarki ba. Nan take Shamhuru ya sa aka ɗaura aure, ya cire rawaninsa ya naɗa wa Ukashatu sarautar birnin.

Amarya ta leƙo ta ce, "Baba Boka, zauna mana, a kawo maka naka a kwanon baƙi."

"Shi da ya iya lissafi, ya ci gaba da yi muku," in ji Zarƙanu. Ya tattare babbar rigarsa, ya fice, ya bugo ƙofar tagulla har ƙasa ta zubo daga rufin fada.