Allura Uku, Suna Ɗaya

Ku matso kusa, muryata ta daina kaiwa nesa. Na gaji da bin makara zuwa maƙabarta, na kuma gaji da maganar allurar nan ta jarirai, wadda ke tare mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Wata shekarar kowa ya kai ɗansa, wata shekarar jita-jita ta kore mu, wata kuma mu je a ce magani ya ƙare. Ga shi sai an yi ta sau uku take cika.

Hansatu matar Ɗanjuma ta haifi ɗan fari, Sagiru, tana wankan jego a gidan iyayenta, mijin ya tafi cin rani. Kun san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Mahaifinta kuma ya ce ba mai huda masa jika sai uban yaro ya dawo. Gwaggonta Tabawa ta faki idonsa. Ta goya yaron kamar za ta maƙwabta, ta taka har asibiti aka yi ta farko. Yaro ya yi zazzaɓi, cinya ta kumbura, ɗan'uwanta mahaifin Hansatu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta.

Da Hansatu ta koma ɗakinta a wani ƙauyen, katin allurar yaron ya ɓata a cikin kaya. Malama Zulaihatu, ma'aikaciyar asibitin, ta ga sunan a rajista ba a dawo ba. Ta saɓa akwatin sanyinta ta bi sawu, Alhamis uku tana yawo gida-gida. Ba wanda ya san Sagiru, don kowa Abba yake ce masa. Ran nan ta tsaya a bakin rijiya ta ce, "Don Allah, wace ce uwar Sagiru?" Hansatu na tsaye, ta sunkuyar da kai. Malama ta lura duk matan suna wasa da wani jariri, mace ɗaya ce kawai ta ƙi kallonsa. Ta ce, "Ƙanwata, ba sai kin faɗa ba. Ku miƙo shi." Aka yi ta biyu.

Lokacin ta uku, damina ta cinye gada, magani bai iso ba. Kowa ya ce biyu ai ta wadatar. Larai maƙwabciyarsu, wadda tarin shiƙa ya kashe wa 'ya'ya biyu, ta ce a gabanta ba za a sake rasa yaro haka ba. Ta ɗora yaron a wuya ta ratsa rafi, ruwa har ƙirji, ta kai shi cikin gari. Aka ce ba ranar allura ba ce. Ta dawo, ta koma, aka ce mai makullin firji ba ya nan. Sai a zuwa na uku aka yi masa, ita kuma ta kwanta ciwo sati guda.

Bara mashaƙo ya shigo mana. Yara tara muka binne, ni na yi musu salla, har yau zuciyata ba ta huce ba. Sagiru tabarma ɗaya yake kwana da ɗan baffansa da ya rasu, amma ga shi can yana korar kaji.

Yanzu Hansatu ta haifi mace. Ɗanjuma, da bai tsinana komai ba sai kuka, ya rantse zai sa wa jaririyar sunan wadda ta tsare masa ɗa. Jibi suna, ya zo ya ajiye mini maganar, ni kuwa kaina ya ɗau zafi.

To ku faɗa mini: Tabawa da ta fara, Zulaihatu da ta nemo shi, ko Larai da ta cika? Sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?