Abin da Ya Hana Motar Malam Barci

Ku matso, ku ukun nan, ku zauna inda zan ga idon kowa. Kai babba, nan gabana. Mamuda, bar bakin ƙofa. Uwale, ajiye wayar nan.

Kun san abin da ya faru ran Talata. Numfashin mahaifinku ya sarƙe da hantsi, Mamuda ya murɗa mukulli, mota ta ce ƙyas ta yi shiru. Ina riƙe da kan Malam a cinyata, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi, leɓensa na komawa launin toka. A a-daidaita-sahun maƙwabci muka kai shi, likita ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, sai dai a nemi likkafani. Tun ranar, ko tari ya yi sai na tashi na leƙa shi.

Kai babba ka ce ƙanenka ke barin rediyo a kunne yana kashe batir, ka ƙwace mukulli ka tafi da shi gidanka can ƙetaren gari. Uwale ta ce jifa ne, ta cika mana gida da hayaƙi. Ni ban yi boko ba, amma na san ruwa ba ya tsami banza. Batir sabo, a ajiye shi cike a tarar da shi fanko? Jiya na aika ka ba ni aron mukullin motar mijina, aro fa, na sa aka ja ta zuwa wurin Ila rewaya, mai gyaran wayoyin mota.

Ila ya ɗaura mitarsa ta awon wuta a jikin batir, ya rufe ƙofofi, ya ce in kai mukullin nesa in zauna. Na ce masa gyara na kawo, ba zaman makoki ba. Ya ce motocin yanzu 'yan ƙwaƙwale ne da su, ta ƙofa, ta fitila, ta rediyo. In an kulle mota sai su yi barci ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ƙi barci ita ke tsotse batir. Da ka buɗe ƙofa duk sun farka, ɓarawo ya saje da jama'a. Sai ya ce, "Hajiya, kafin ta yi barci, bari in ba ki labarin Madugu Ɗanbarau."

Ya ce Ɗanbarau ya ɗauki ayari zuwa Bilma ɗebo gishiri, shi da ƙanensa. Da sanyi suke tafiya, in rana ta take sai su kafa rumfa kowa ya kwanta. Suna tsakiyar rairayi, rijiya da nisa gaba da baya, ya lura duk sanda aka tashi babbar salkar ruwa ta rage nauyi. Tsoro ya kama shi, don ya sha wuce ƙasusuwan ayarin da ruwa ya ƙare musu. Ya riƙa dirar wa mutane da bulala suna cikin barci, yana shinshina bakin kowa, ya ɗaure wannan ya doki wancan. Salka ba ta fasa ramewa ba. Sai tsohuwar taguwarsa ta durƙusa ta ce, "Madugu, ka yi irin ta Basarken Yawuri." Ya ce, "Me ya yi?"

Taguwa ta ce tun tana ƙarama ta ji a bakin kogi, an yi wani Basarke masunci da kwalekwalensa ke shan ruwa, ga iyalinsa a ciki. Ya yi ta kwalfa yana laluben huda, amma duk inda ya taɓa a jiƙe yake, don shi da kansa ke fantsama ruwan. Da ƙyar suka kai gaci. Ya kife jirgin a rana ya bushe ƙarau, ya mayar kan ruwa mai kwanciya, ya naɗe hannu yana kallo. Sai ga tabo ɗaya tak ya yi duhu. "Mai neman ɗigo ba ya watsa ruwa," in ji taguwa. "Bar su su yi barci, ka ga wanda bai yi ba."

Madugu ya ajiye bulala. Da rana ta take ya kwanta ya rufe ido rabi. Ayari ya yi tsit. Can sai ga mutum ɗaya tsugune bayan kaya, cikin tsakar rana, yana leƙen rumfar ƙanen madugu, ƙishi na koro shi wurin salka yana komawa. Ɗanbarau ya gane shi sarai. Shi da kansa ya ɗauke shi a ɓoye tun daga gida, don ya sa wa ƙanensa ido kada ya ci amanar kaya. Ila ya ce, "Kin ji, Hajiya, zato ba ya barci, kuma ba daga salkarsa yake sha ba."

Yana rufe baki ya nuna mini mita. Lambar ta yi ta sauka, har na ce alhamdu lillahi, sai ta zabura ta koma sama, kamar an tashi mai barci da mari. Ta sauka, ta sake zabura. Ila bai zare fiyus ko ɗaya ba, don kada 'yan ƙwaƙwalen nan su farka. Tsinin mita kawai ya riƙa ɗorawa a bayan kowanne, har ya zo kan na rediyo, ya ce ta nan wuta ke zurarewa. Na ce to, ashe gaskiyar babba ce. Ya ce in dakata. Ya zaro rediyon, lafiyarsa lau. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A bayansa aka naɗe wannan ɗan baƙin abin da tef, an soka wayarsa cikin ta mota. Tiraka ce, mai gaya wa wayar mutum duk inda mota ta je. Ta lalace, ba ta barci, kuma ba ta barin sauran ƙwaƙwalen su yi.

Ga ta nan a tabarma, ga mukulli kusa da ita. Ila ya ce zai iya gano wayar da take kai wa rahoto. Na ce ya bari, ni na haifi abina.

Kai babba, tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, don kunyar ɗan fari. Ran Talata saura ƙiris in kira sunan nan a kan gawar mahaifinka. Na ga ka miƙa hannu ka ɗauki abinka ba ka taɓa mukulli ba. Madalla, ka ji karatun.

Saura ku. Malam na ɗaki, kuna jin tarinsa. Ku shirya tsakaninku kafin la'asar, ku gaya mini hannun da zai tuƙa shi da ƙusar da mukullin nan zai rataya a gidan nan.