Yadda Kada da Zalɓe Suka Yi wa Tsari Korar Kifi

An yi wani tafki mai masunta uku: Kada mai taƙama da jirginsa mai inji, da Zalɓe, shi ma mai inji, wanda idonsa kullum ke kan kwandon wani, sai Tsari, uwar 'ya'ya huɗu, mai ɗan kwale-kwale da dogon haƙuri.

Tsari ta san ruwan nan kamar yunwar cikinta. Amma duk inda ta jefa taru, sai Zalɓe ya miƙa wuya ya hango, ya tada inji, Kada ya biyo baya. Kafin ka ce kwabo ƙara ta watsa kifi, kowa ya koma hannu rabbana. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan Tsari ba.

"Haba Yaya Kada," in ji ta, "tafkin nan fa da faɗi. Ku bar mini gefe ɗaya mana."

"Ruwan gadonki ne?" Kada ya daka mata tsawa.

"Inda kika ga kifi, nan mu ma muka gan shi," in ji Zalɓe, ko kunya babu.

Maganar ta yi wa Tsari ciwo ƙwarai. Sai dai ta lura da abu guda: duk sanda inji ya firgita kifi, wata 'yar ƙorama mai ciyawa suke faɗawa, inda babban jirgi ba ya shiga.

Washegari da sassafe ta kafa tarunta a bakin ƙoramar. Ta tuƙa zuwa tsakiyar tafki, ta riƙa ɗaga kwandon da babu komai ciki tana nishi, wai nauyi ya ishe ta.

Ai kuwa sai ga Kada da Zalɓe a guje. Jiragen suka gwabza karo, tarunansu suka sarƙe.

"Ni na riga ka!" in ji Zalɓe.

"Makaho ne kai? Sakar mini taru!"

Suna cacar baki, injuna na ruri, kifi kuwa na ta tururuwa zuwa ƙorama. Tsari ta zame ta je ta ja tarunta. Tarwaɗa da karfasa har kwale-kwale na neman nutsewa! Daɗi ya kashe ta, ta rangaɗa guɗa.

Ta wuce su suna warwarar yagaggen taru, ta ɗaga musu hannu. "Sannunku da kora! Gobe ma da sassafe zan fito."

Darasin wannan labari shi ne, mai bin sawun wani don kwaɗayi ba ya sanin inda ruwa ya ajiye nasa rabon. Ƙarshenta ya yi wahala, wani ya sha romo.