Mutum Uku da Suka Fito da Malam Sallau Daga Kurmi

Ku gyara zama ku kasa kunne, don in na kai ƙarshen wannan labari, ku za ku yanke hukunci, ba ni ba.

Malam Sallau malamin makaranta ne a Jalingo. Duk hutu sai ya ɗaura jaka a baya ya shiga daji da ƙafa, ba don farauta ba, don kawai ya ga ƙasa. Wata shekara ya ƙudura niyyar saukowa daga tsaunukan Mambila ta cikin kurmin da ke bakin iyakar Kamaru, tafiyar kwana tara. Abokansa uku suka bi shi. Akwai Haladu, mutumin Yawuri, wanda ya tashi cikin masunta. Akwai Muntari, ma'aikacin jinya a wani asibitin ƙauye. Sai Ayuba, ɗan gidan maharba, mutum marar yawan magana.

Damina ba ta gama janyewa ba suka tashi. A rana ta biyu sabis ɗin waya ya ɗauke. A rana ta huɗu suka daina ganin sawun mutum, sai itatuwa masu rufe rana, da matsattsaku da ke maƙale musu a ƙafa, da ƙudan tsando. A rana ta biyar da hantsi suka iso wani kogi da ya cika ya yi ja. Gadar kawai wani gungume ne da ya faɗi ya ratsa ruwan, gansakuka ta lulluɓe shi.

Su uku suka haye da rarrafe. Malam Sallau ne na ƙarshe. Yana tsakiya nauyin jakarsa ya rinjaye shi, santsi ya kwashe shi, ya faɗa kan wani tsinin reshe, daga nan ruwa ya tafi da shi.

Haladu bai tsaya cire takalmi ba. Ya bi gaɓa da gudu har ya wuce inda Malam Sallau yake, sannan ya yi tsalle ya tare shi. Jakar ta sha ruwa tana jan Malam Sallau ƙasa, shi kuma a gigice ya shaƙe wuyan Haladu, suka nutse tare. A ƙarƙashin ruwa Haladu ya lalubo wuƙarsa ya yanke igiyoyin jakar. Da suka taso, ruwan ya nufi wani dutse da su, sai Haladu ya juya ya ba dutsen kafaɗarsa. Da hannu ɗaya ya jawo abokinsa zuwa gaɓa. Har yau hannunsa na dama ba ya ɗagawa ya wuce kunne.

Da suka kwantar da shi, suka ga ƙafar hagu ta karye a ƙwauri, cinya kuma reshe ya tsaga ta, jini yana tsartuwa. Muntari ya tsinke igiyar jakarsa ya ɗaure cinyar tamau, ya cusa tsumma mai tsabta cikin raunin, ya danne da duka nauyinsa. Malam Sallau yana kuka yana roƙonsa ya sassauta, Haladu ma ya sa baki, amma Muntari ya ƙi. Ya ce musu in ya ɗaga hannu yanzu, kafin azahar sun yi gawa. Haka ya durƙusa fiye da awa biyu, har yatsunsa suka sandare, sai da jinin ya tsaya. Sannan ya tafasa ruwa ya wanke raunin, ya ɗaure ƙaryar da sanduna. Abin da bai gaya wa kowa ba, shi kansa zazzaɓi ya kama shi tun jiya. Ɗan maganin da ya rage kuwa, duka ya riƙa ba Malam Sallau, shi yana rawar sanyi a ɓoye.

Sai dai taswirarsu da yawancin guzuri suna cikin jakar da ruwa ya tafi da ita. Ga mai karaya, ga mai gocewar kafaɗa, ga kurmi gaba da baya. Ayuba ya ce zai tafi neman mutane shi kaɗai. Haladu ya ƙi, ya ce rabuwa a daji ita ce halaka, har ya faɗa masa magana mai zafi, cewa gudu zai yi ya bar su. Ayuba ya miƙe. Ya zazzage abincin jakarsa gaba ɗaya a gabansu, ya ɗauki adda kawai.

Ya ce, "In kwana uku suka cika ban dawo ba, ku yafe mini."

Ya bi tudu yana sare ɓawon itatuwa don ya gane hanyar komawa. Wata ɓauna ta kore shi ya hau bishiya, ya yi rabin yini a sama. Takalminsa ya yage, ya ci gaba ƙafa ba takalmi. Washegari da yamma ya ga busasshen kashin shanu, ya bi shi har ya kai wata ruga. Amma mutanen rugar ba su daɗe da shan wahalar ɓarayin shanu ba. Da suka ga baƙo ya fito daga kurmi da adda, suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Suka kayar da shi, suka ɗaure, wasu samari suka zare takubba. Ya yi rantsuwa, ba wanda ya yarda. Sai ya dubi dattijonsu.

Ya ce, "Baba Arɗo, kada ku kwance ni. Ku sa ni gaba a ɗaure, ku biyo ni. In ba ku sami mai karaya a bakin kogi ba, ku yi mini abin da kuka ga dama a can."

Arɗo ya daɗe yana kallon ƙafafun Ayuba da ke zubar da jini. Daga baya ya ba da mutum shida da takarkari, wato san da ake ɗora wa kaya. Haka Ayuba ya jagorance su, hannu ɗaure a baya, igiya a ƙugu, yana bin saran da ya yi wa itatuwa.

A rana ta uku suka iso. Suka tarar Malam Sallau ba ya gane mutane, Muntari yana kwance kusa da shi jiki kamar wuta amma hannunsa na kan bandejin, Haladu kuma yana korar kwarkwasa da garwashi da hannunsa ɗaya mai lafiya. Haladu da kansa ya kwance igiyar hannun Ayuba.

Malam Sallau ya rayu, ƙafar ma ba a yanke ba, ko da yake yana ɗingishi. Bayan wata bakwai matarsa Ladidi ta haifi ɗa namiji, ɗansu na fari bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Malam Sallau ya ce sunan wanda ya ceci ransa zai sa masa.

Nan gida ya rabu. Mahaifiyarsa ta ce Haladu, don shi ne ya jefa ransa bai yi tunani ba, kuma da ruwa ya ci ɗanta, wa za a yi wa jinya? Ladidi ta ce Muntari, don likitan da ya duba mijinta ya gaya mata cewa wanda ya tsayar da jinin nan shi ya yi aikin. Yayan Malam Sallau kuma ya ce su biyun a gaban idon juna suka yi nasu, Ayuba kuwa shi kaɗai ya tafi, da zargi a bayansa da takobi a gabansa, kuma da bai dawo ba, da gawa uku za a bari a kurmi, ba ɗaya ba. Aka tambayi abokan, kowa ya ce a sa sunan ɗan'uwansa.

Gobe suna, an riga an ɗaure rago, yaro ɗaya ne, sunan da liman zai raɗa masa kuma ɗaya ne. To, ku da kuke zaune a nan, sunan wa ya kamata a sa wa yaron nan, Haladu, Muntari, ko Ayuba?