Yadda Tsattsewa Ta Koyi Yaɓe

"Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku, yara."

"Ta iso mu ji ta, Iya, mun kasa kunne!"

Wani ɗan gari ne a gindin dutse, ana ce masa Tudun Zuga. Tun kaka da kakanni mutanensa maƙera ne. Su suka haƙo tama, ƙasar da ake narka ƙarfe daga cikinta, a dutsen, su suka ƙera garma da lauje, su kuma suka haɗu suka gina masallacin ƙasa a tsakiyar gari, da hasumiyarsa doguwa. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai gari duka ya fito yaɓe. Maza na kwaɓa ƙasa, mata na kawo ruwa.

A cikin rufin masallacin nan aka ƙyanƙyashe Tsattsewa. A zamanin ba ta iya gini ba, ɗan rami take samu tsakanin azara ta kwanta. Muryar da ta fara ji a duniya ta Ladan Tanimu ce.

Wata shekara guguwa ta sure ta, ta jefar da ita can kudu bakin teku, fiffike a karye. Shekara bakwai tana jinya. Can ma ana kiran salla, amma ba muryar ba ce. In ta rufe ido sai ta ji ƙamshin daɓen da aka yayyafa wa ruwa, da sanyin cikin masallaci da azahar. Ran da fiffike ya warke, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya. Da ta hango dutsen sai ta nemi hasumiya. Ba ta gan ta ba. Wani dogon bututu ta gani yana aman hayaƙi. Ashe an kafa masana'antar narka ƙarfe a bakin gari. Maƙera sun jingine zuga-zugi sun kama aikin kamfani. Jiniya ke kiransu, jiniya ke sallamarsu.

Hankaka na zaune kan bututun.

Ta ce, "Sannu da hutawa, Yaya Hankaka. Ina hasumiyarmu?"

Hankaka ya dubi cikinta, ya ga ƙwai ya kusa. Yawunsa ya tsinke. Ya ce, "Ai ga ta nan ina kai, ƙanwata. Girma ta yi. Shekara bakwai wasa ce? Shiga ki huta."

Ta shiga. Hayaƙi ya turnuƙe ta, ta fito tana tari, bayanta ya yi baƙi ƙirin. Har yau bai fita ba.

Ta ce, "Wannan ba ita ba ce!"

Ya ce, "Af, mantuwa! An mayar da masallacin can." Ya nuna mata wani sabo na bulo da rufin kwano a ƙofar kamfani.

Ta je ta laɓe a ƙarƙashin kwano. Da rana ta take, wurin ya zama kasko. Ta dawo tana haki. Ta ce, "Ɗakin Allah ne, na ga ana salla. Amma ba shi nake nema ba."

Hankaka ya ce, "To bar wahalar da kanki. Zo ki saka ƙwanki a sheƙata, ni zan yi miki gadi."

"Yaya, me ya sa kake ta haɗiyar yawu?"

"Azumi nake."

"To wannan ɓawon ƙwan da ke bakinka fa, na sahur ne?"

Fir! Ta tashi ta bar shi.

Tana cikin shawagi, ta rasa inda za ta sauka, sai la'asar ta yi. Can bayan tashar manyan motoci ta ji wata siririyar murya tana rawa. Ta bi muryar.

Ga masallacin. Bango ya tsage, rabin rufi ya rufta, awaki na kwance a ciki. Hasumiya na nan, amma ruwa ya zaizaye ta, gine-gine sun rufe ta. Ladan Tanimu ya tsufa tukuf. Daga matakala ta uku yake kira, gwiwa ta hana shi hawa. Ya gama, ya jira. Ba wanda ya zo. Ya kore awaki ya yi sallarsa shi kaɗai.

Tsattsewa ta sauka a gabansa. Ta ce, "Baba Ladan, ni ce."

Ya ƙura mata ido. Ya ce, "'Yar azara? Kin dawo? Kayya, kin dawo gidan da ya kusa kwanciya."

"Ina mutane, Baba?"

"Suna nan. Ba su bar salla ba, can suke yi kusa da aiki. Yaɓe ne babu mai lokacinsa. In ruwan bana ya same shi haka, shi ke nan."

Ta tashi ta nufi kududdufin da kakanni suka ɗebi ƙasar ginin. Ta cika baki da laka, ta kawo ta manna a tsagar bango. Ta koma. In bakin ya zama wayam sai ta yi waƙa. Ku amsa mini, yara.

"Kududdufi, ba ni laka."

"Kai gida, Tsattsewa!"

"Bakina ƙarami, bangon babba."

"Kai gida, Tsattsewa!"

"Hadari na gabas, ina ji, ina gani."

"Kai gida, Tsattsewa!"

Rana ta farko Hankaka ya zo yana ƙyaƙyata dariya. Ya ce, "A haka sai shekara dubu!" Inna Tabawa mai sayar da abinci a tasha ta ga tsuntsuwar na kai da kawowa. Ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da zuba miya.

Rana ta biyu Mati direba ya gan ta. Ya tsaya ya ɗan yi kallo, aka danna masa oda daga baya, ya ja motarsa.

Rana ta uku bakinta ya fashe, fiffiken nan ya fara ciwo. Tana tafe sai laka ta suɓuce ta faɗo a hular Gambo, jikan Sarkin Maƙera, shugaban masu zuba ƙarfe a kamfani. Ya ɗaga kai zai yi faɗa, sai ya ga ta koma ta ɗebo wata. Ya bi ta a ƙasa har masallacin.

Ladan ya ce, "Gambo, zo ka gani." Ya nuna masa sawun hannu a jikin tsohon yaɓe. "Na kakanka ne. Ina tsaye ya yi shi."

Gambo ya sa hannunsa a ciki. Daidai. Sai ya cire takalmi, ya shiga kwaɓa ƙasa.

Ran Juma'a, ana sallamewa a sabon masallaci, ya miƙe ya yi wa jama'a maganar yaɓe. Aka fito. Mati ya kwaso ƙasa da motarsa. Inna Tabawa ta rufe tukunya ta ɗauki tulu. Tsofaffi na nuna wa matasa yadda ake kwaɓi. Da hasumiya aka fara. Da aka gama ta, Gambo ya goya Ladan ya hau da shi har ƙoli. Tsohon ya yi kiran magariba, hawaye na bin gemunsa, gari duka ya ji.

Amma an makara. Kafin a taɓa bangon masallaci, hadari ya haɗo. Kwana biyu ana ruwa. Da aka ɗauke, masallaci ya kwanta. Hasumiya kaɗai ta tsaya. Ladan Tanimu ma bai ga ƙarshen daminar ba.

Tsattsewa ta zagaya, ta zagaya. Babu azara, ga ƙwai ya matsa. Sai ta koma kududdufi ta ɗebo laka, ta gina ɗan ɗaki a jikin hasumiya, ta kwaikwayi yadda cikin masallacin yake a idonta. Ta duba. Ta ce, "Bai yi kama ba." Amma ta saka ƙwanta a ciki. Da shekara ta zagayo ta sake gwadawa.

Shi ya sa har yau Tsattsewa take gini da laka, kuma ba ta son ko'ina kamar tsohon masallaci da tsohon zaure. Gidan nan take ta ƙoƙarin mayarwa, ba ta samu ba tukuna. Ku kuma, abin da kakanninku suka gina, ku gyara shi tun yana tsaye. In ya faɗi, sai dai kewa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ta ƙare, kowa ya ɗauki tabarmarsa.