Bangon da Ya Fi Kyau a Unguwa

Akwai wani mai gida da ya tashi gina wa ɗansa ɗaki. Ya haƙo ƙasa daga rami ɗaya, ya kwaɓa, ya yi tubali, ya shanya. Ashe a cikin ramin nan akwai yashi da ya ratsa ta ƙarƙashi, ido bai gan shi ba. Wasu tubalan suka fito da ƙarfi, wasu da yashi a cikinsu, amma da suka bushe duk launinsu ɗaya. Aka yi gini, aka jera azara, aka yi rufi, ɗan ya tare.

Damina ta farko bangon gabas ya tsage. Mutumin ya kira magini, ya zo ya bubbuga ginin yana kasa kunne. Ya ce masa ba laifin kowa ba ne, haka ƙasar ta zo, kuma masu yashin sun warwatsu cikin ginin, ba mai iya tsince su. Amma ɗakin zai yi ƙarko in ana duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, in kuma maƙwabta sun san inda rauninsa yake.

To, nan kunya ta shigo. Mutumin ya ce a ransa, ya za a yi gari ya ji ɗakin ɗansa mai rauni ne? Bai sake kiran magini ba. Ko ɗan bai gaya wa ba, wai kada ya tsorata shi. Duk sa'ad da tsaga ta bayyana sai ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya yaɓe, ya shafe sumul. Shekara talatin yana haka, har bangon gabas ya zama ba irinsa a unguwar, masu wucewa suna yaba hannunsa. Shi kuwa da ya ga hadari ya haɗu sai gabansa ya faɗi, abinci ya ƙi shiga.

Ɗan ya zama cikakken mutum, uban ya tsufa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. A shekarar nan aka yi marka, kwana shida ruwa bai ɗauke ba. Ɗan ya ga ƙasa tana zubowa daga rufi, ya kira maƙwabta. Mutanen kirki ne, nan da nan suka zo da itatuwan tokara. Suka zagaya ɗakin, suka ga bangon yamma yaɓensa ya zube, ya yi muni, sai duk suka rufu a kansa suna tokarewa. Ɗan kuma ya shiga ciki yana jawo buhunan hatsinsa.

Tsohon yana kwance a rumfa yana kallonsu. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba nan ba ne. Na gabas ne."

Suka ce haba Baba, ai wannan ya fi na kowa lafiya, ya kwanta ya huta. Ya ce, "Ni na yaɓe shi. Ku kankare ku gani, ɗana yana ciki."

Wani ya sa fartanya ya kankare, sai ga tsaga wadda hannun mutum zai shige har kafaɗa. Suka kwaso itatuwan a guje. Kafin su gama tokarewa kusurwa ɗaya ta rufta, amma rufin ya tsaya, ɗan ya fito da rai, kansa duk ƙasa. Babban maƙwabcin ya dubi tsohon ya ce da tun da rani ya faɗa musu, ai da aikin yini ɗaya ne.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗakin nan jikin mutum ne. Tubalan su ne ƙananan ƙwayoyin da Allah ya gina mu da su, waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da likitoci ke kira kuromosom. Akwai mutane ƙalilan da aka haifa, wasu ƙwayoyinsu daidai, wasu kuma da ƙari ko ragi, duk a cakuɗe cikin jiki ɗaya. Ba zunubin uwa ba ne, ba na uba ba, ba kuma sammu ba ne. Mutum yakan girma kamar kowa, sai da shekaru abin ya riƙa ɓullowa: wannan a zuciya, wancan a ƙoda, wani a kunne ko gaɓoɓi. Shi ya sa ake so likita ya riƙa dubawa tun mutum yana kan ƙafarsa. Maƙwabtan kuwa mu ne, 'yan'uwa, masu kirki da saurin tokare inda ba nan ba.

Ba na ce wani ba, da kaina zan fara. Kun san ɗan'uwanmu Zakka, mai share mana majami'a, shekararsa talatin da huɗu. Bara na kira shi sau uku ya ɗauko benci, ko waiwayowa bai yi ba. Na yi masa faɗa a gaban mutane, na ce girman kai ne. Ashe kunnen ne ke mutuwa. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ranar Laraba mahaifiyarsa, Mama Damaris, ta same ni da takardun asibiti a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. Tun Zakka yana goye likita ya gaya mata da irin wannan cakuɗewar ƙwayoyin aka haife shi, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai shi Zakkan, shi ma kwanan nan. Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta iya hawa mota ta kai shi a duba masa zuciya, an tsallake ranar dubawa sau biyu. Su biyun suka yarda in faɗa muku yau. Ina neman mutum uku da za su zauna su koyi abin da ke cikin takardun nan, su san maganinsa, su riƙa raka shi. Masu sunkuyar da kai a baya, ina ganinku fa.

Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce, "Malam, ba mutuwata nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da zai faɗi a gabanku ba na nan, ku yi ta yi masa fifita kuna cewa yunwa ce."